Darasi Na 14: Jirgin Ruwa Na Fata

A can arewacin duniya akwai wata ƙasa mai suna Girinlan. Ƙasar ƙanƙara ce, hatsi ba ya yi, manyan itatuwa ba su tsiro. Mutanenta ana kiransu Inuwit. Akwai 'yan'uwansu a Kanada da Alaska. Tun kaka da kakanni abincinsu daga teku yake fitowa, saboda haka suka ƙago wani ɗan jirgi na mutum ɗaya, sunansa kayak.

Mu a nan gungumen itace ake sassaƙawa a yi kwalekwale. Su ba su da gungume. Sai su tsinci itacen da teku ya kawo gaɓa, su tsaga shi sirara. Da farko sukan shirya dogayen sanduna biyu, su ne gefen jirgi. Sa'an nan su tanƙwara ƙananan sanduna kamar haƙarƙari, su jera. Ba su buga ƙusa. Ɗaurewa suke yi da jijiya ko tsirkiyar fata, don in igiyar ruwa ta buga, jirgi ya lanƙwasa, kada ya karye.

Da jikin mai shi ake awo. Tsawonsa kamar gaba uku na mai jirgin, wajen ƙafa 17 ke nan. Faɗinsa kuwa wajen inci 20.

In an gama ƙashin jirgi, sai aiki ya koma hannun mata. Sukan ɗauko fatar wata dabbar teku mai kama da ayu, su kankare gashin, su jiƙa. Tana ɗanya za su ja ta bisa itacen su ɗinke. In ta bushe sai ta ɗame kamar fatar ganga.

To, ga inda gwaninta take. Ɗinki biyu suke yi, kuma allura ba ta huda fata har ta ɓullo waje. Cikin kaurin fatar take bi. Jijiyar ɗinkin kuma in ta sha ruwa sai ta kumbura, ta toshe kafar. Bayan haka a shafe jirgi da man dabbar. Mu mun san salka, wadda ke tsare ruwa a ciki. Wannan kuwa tsare shi yake a waje.

Maharbi ba ya sakaci. Yakan fid da jirgi ya bushe, ya sake shafa mai, ya ɗora shi bisa dandamali don kada karnuka su cinye fatar. Kafa ɗaya ta isa ta halaka shi, gama ruwan nan mai tsananin sanyi ne.

Yanzu masu yinsa sukan sa tamfol ko yadin nailan maimakon fata, su shafe da fenti.

Tambayoyi
1. Don me ba a buga ƙusa?
2. Yaya mata ke ɗinki har ruwa ba ya shiga?
3. Rubuta kalmomin nan: ƙanƙara, jijiya, haƙarƙari.