Darasin Lafiya: Ƙuraje a Tafin Hannu da Ƙafar Yara

Idan muka koma gida hutu a Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, mu ne muke goyon ƙannenmu. Sau da yawa mu ne za mu fara ganin ƙurji a jikin yaro. Saboda haka ya kamata mu koyi duba inda ƙurajen suka fito, domin wurin yana faɗa mana abubuwa da yawa.

Ƙyanda. Takan fara da zazzaɓi, tari, mura da jan ido. Ƙurajen suna tasowa daga fuska da bayan kunne, su gangara jiki. Tana iya makantar da yaro ko ta kashe shi. Ana yin allurar rigakafinta a wata 9, a sake a wata 15.

Ƙarambau. Ƙurajenta masu ruwa ne, masu ƙaiƙayi, sun fi yawa a ƙirji da baya. Ba safai suke fitowa a tafin hannu ba.

Ciwon hannu, ƙafa da baki. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro zai yi zazzaɓi, baki ya yi gyambo, ƙananan ƙuraje su fito a tafin hannu da tafin ƙafa. Yakan warke cikin kwana 7 zuwa 10. Bayan haka fata takan saɓule, wani lokaci farce ya faɗi, amma sabo zai fito. Haɗarinsa shi ne yaro ya ƙi shan ruwa saboda zafin baki.

Ƙyandar biri. Ta sake ɓulla a Nijeriya a Jihar Bayelsa a 2017. Ƙurajenta manya ne masu tauri, suna kama fuska da tafin hannu da na ƙafa, tare da kaluluwa. Kakanninmu za su ce ta yi kama da agana, wadda aka kawar daga duniya a 1980.

Me za mu yi? Mu riƙa ba yaron ruwa da kunu mai sanyi kaɗan kaɗan. Kada mu fasa ƙurjin, kada mu shafa toka. Kada mu ba shi asfirin. Kafso ba ya kashe bairos. Mu ware masa kofi da tabarma, mu wanke hannu da sabulu bayan mun share masa kashi. Idan ya daina fitsari, ko numfashi ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, ko muna zaton ƙyanda ce ko ƙyandar biri, a kai shi asibiti a ranar.

A Littafin Firistoci sura 13, an umarci firist ya duba fatar mai ciwo, ya keɓe shi kwana bakwai, ya sāke dubawa. Ɓoye yaro a ɗaki ba ƙauna ba ce. Mu yi addu'a, mu kuma kai shi a duba shi.