Ƙananan ƴan ƙwallon Dabokpa

Dabokpa unguwa ce a cikin Tamale, babban birnin arewacin ƙasar Gana. Daga Akra zuwa Tamale akwai tafiyar kilomita kamar 600. Yawancin mutanen garin Dagwamba ne, amma akwai Hausawa da yawa a zango, kuma ana jin Hausa a kasuwa da tasha.

Da la'asar, in an tashi daga makaranta, yaran unguwa sukan taru a fili. Filin ba shi da ciyawa, jar ƙasa ce da tsakuwa. Lokacin hunturu ƙura takan tashi har mai tsaron gida ya kasa hango ɗan'uwansa. Wasu suna da takalma, wasu ƙafa a ƙasa suke buga tamola. Duwatsu biyu sun isa su zama raga.

A Gana ana kiran ƙungiyoyin yara da sunan kolts, wato duƙushi, ɗan doki wanda ba a fara ɗaura wa sirdi ba. Sunan ya dace. Duƙushi yana da gudu da ƙarfi, amma sai an hore shi kafin ya yi amfani. Ana raba yaran bisa ga shekarunsu: ƴan ƙasa da shekara 13, da ƴan ƙasa da 15, da ƴan ƙasa da 17. Kowane rukuni da nasa wasan, don kada babba ya take ƙarami.

Mai horo ba ya fara wa yaro da dabarun manya. Da farko yaro yana koyon tare ƙwallo da cikin ƙafa. Sannan ya koyi miƙa wa abokinsa. Sannan ya koyi ɗaga kai ya duba fili kafin ƙwallo ta iso gare shi. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin idon ƙaramin yaro kullum yana kan ƙwallo. Wanda ya saba da ƙafar dama, sai a sa shi ya yi ta bugawa da hagu a jikin bango, yau da gobe, har ƙafar ta saba. Yaro mai baiwa yakan gaji da wannan aiki. Yana so ya yanke mutum uku ya ci, a yi masa tafi. Mai horo na kirki yakan ce masa: "Ɗana, ku goma sha ɗaya ne a fili. Ba da ƙwallo." Shi kuma ya amsa: "To, Malam."

Tamale ta fitar da manyan ƴan wasa. Abedi Ayew ya yi karatu a garin, ya kuma buga wa ƙungiyar Real Tamale United. Saboda gwanintarsa aka laƙaba masa sunan Pele, shahararren ɗan wasan Birazil. A shekarar 1982, yana da shekara 17, yana cikin ƴan wasan Gana da suka ɗauki kofin Afirka a Libiya. An zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau uku a jere, a 1991 da 1992 da 1993. A 1993 ya ci kofin zakarun Turai tare da ƙungiyar Marsai ta Faransa.

Amma akwai wani wasa da Abedi ya kalla daga gefen fili. A 1992 an yi gasar kofin Afirka a Sanigal. Gana ta haɗu da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe, ta ci 2 da 1, kuma Abedi ne ya ci ƙwallo ɗaya. Sai dai a wasan alƙali ya nuna masa kati mai ruwan ɗorawa, na biyu ke nan da ya samu a gasar. Doka ta ce mai kati biyu ba ya buga wasa na gaba. Ba a ɗaga masa ƙafa ba don shi ne kyaftin. Ranar wasan ƙarshe a Dakar, Gana ta kara da Kwadibuwa ba tare da shi ba. Aka tashi ba ci. Aka je bugun fanareti, Kwadibuwa ta ci 11, Gana 10. Tun daga 1982 Gana ba ta sāke ɗaukar wannan kofi ba.

Katin nan ba tun fil azal yake ba. An fara amfani da shi a gasar kofin duniya ta 1970 a Mekziko. Wani alƙalin wasa ɗan Ingila mai suna Ken Aston ne ya kawo shawarar, bayan ya lura da fitilun ba da hannu na kan titi. Ruwan ɗorawa yana nufin a yi hattara, ja yana nufin a tsaya. Ko ɗan wasa ba ya jin harshen alƙali, ya san launi.

Ladabi a fili ba na ƴan wasa kaɗai ba ne. Ƴan kallo ma suna da nasu. Wani lokaci yara suna wasansu lafiya, sai babba daga gefe ya fara zagin alƙali, ko ya ce wa ɗansa: "Karya shi!" Abin kunya ne babba ya koya wa yaro haka. Mutanen Gana sun san inda fushin ƴan kallo yake kaiwa. Ranar 9 ga watan Mayu na 2001, a babban filin Akra, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1. Wasu ƴan kallo suka fusata, suka riƙa jefa kujeru da kwalabe cikin fili. Ƴan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye. Jama'a suka ruga wajen ƙofofi, aka tattake juna. Mutum fiye da 120 suka rasu a wannan rana.

Akwai kuma laifin da ba a yi da ƙafa, wato rage shekaru. Saurayi mai shekara 19 ya ce shi 15 gare shi. Zai fi kowa ƙarfi a fili, ƙungiyarsa ta ci wasa. Amma ya ƙwace gurbin wani yaro na gaskiya, wanda zai koma gida yana zaton bai iya ba. Tun daga 2009 hukumar FIFA take amfani da wata na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Ƙashin yaro bai gama haɗewa ba, na babba ya haɗe. Baki yana iya ɓoye shekaru, ƙashi ba ya iyawa.

Dokar FIFA ta kuma hana a kai yaro wata ƙasa don ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai da wasu dalilai ƙalilan. An yi dokar ne saboda mayaudara masu karɓar kuɗin iyaye da alkawarin Turai, su yar da yaro a hanya. Abdul Fatawu Issahaku, haifaffen Tamale a 2004, ya buga wa ƙungiyar Steadfast ta garinsu. A watan Maris na 2021 Gana ta ci kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a Muritaniya, aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa, alhali bai cika 17 ba. Duk da haka sai da ya jira. A 2022, bayan ya cika 18, ya koma ƙungiyar Sporting ta Fotugal. A 2023 ya wuce Lesta a Ingila.

Tambayoyi

1. Mene ne duƙushi? Don me aka ba ƙungiyoyin yara wannan suna?
2. Me ya hana Abedi buga wasan ƙarshe a 1992?
3. Wa ake cuta in babba ya rage shekarunsa?
4. Shekara nawa ke tsakanin 1982 da 2021?

Aiki

Ku nemi Tamale da Dakar a taswira. Ku rubuta sunayen launukan katin alƙali da Hausa da Faransanci. Kafin wasanku na gaba, ku zaɓi alƙali daga cikinku, ku shirya dokoki uku na ƴan wasa da biyu na ƴan kallo, ku rubuta su a allo.