FAƊUWAR GABA DA SAURIN BUGUN ZUCIYA A KAN HANYA: DARASI DAGA BATSARI DA SAFANA

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, saboda haka ba su rabuwa da tafiya: daga Ruma ko Wagini zuwa kasuwar Batsari, daga Runka zuwa Safana, ko kuma zuwa Dutsin-Ma da birnin Katsina neman magani ko ilimi. Hare-haren 'yan bindiga na shekaru da dama sun sa hanyoyin nan sun zama abin zullumi. A watan Fabrairu na 2020 kaɗai an kashe mutum kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Wanda ya ga irin wannan, ko ya rasa ɗan'uwa a ciki, ba abin mamaki ba ne in gabansa ya riƙa faɗuwa da zarar ya shiga mota. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2019 ya nuna cewa mutum 1 cikin 5 na mazauna wuraren da ake tashin hankali yana fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. A wannan darasi za mu duba abin da yake faruwa a jiki a irin wannan hali, da yadda mai wannan larura zai yi tafiya lafiya.

Yadda Zuciya Take Bugawa

A saman zuciya, ta ɓangaren dama, akwai wani ɗan ƙullutun tsoka mai samar da lantarki. Shi ne yake ba zuciya umarnin bugawa, kamar yadda makaɗi yake ba manoma kiɗa a gayya. Zuciyar baligi da yake hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan mutum ya tsorata, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da suke zaune a kan ƙoda, su kuma su saki sinadarin adirenalin a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, gumi ya karyo, baki ya bushe. Masanin nan na Jami'ar Habad ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan a 1915 a matsayin shirin jiki na gudu ko faɗa. Wato wannan baiwa ce ta kare rai. Matsalar tana zuwa ne idan ƙararrawar ta ci gaba da kaɗawa alhali haɗarin ya wuce. Tun a 1871 wani likita mai suna Da Costa ya lura da haka a jikin sojojin da suka yi yaƙin basasar Amurka: zuciyarsu lafiya lau, amma tana ta dukan uku-uku.

Iri Biyu Masu Kama da Juna

Nau'i na farko shi ne na firgici. Yakan zo da tsananin tsoro, da jin kamar mutuwa ta zo, da jiri, da jin kamar tururuwa na tafiya a yatsu da gefen baki. Dalilin wannan shi ne haki, domin saurin numfashi yana rage iskar kabon da take cikin jini fiye da kima. Abin yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti 10, sa'an nan ya lafa sannu a hankali. Yana da wahala ƙwarai, amma shi kansa ba ya kisa.

Nau'i na biyu daga zuciyar yake. A wasu mutane akwai wata ƙarin hanyar lantarki a cikin zuciya, sai saƙon ya riƙa kewayawa a cikinta ba tsayawa. Bugun yakan tashi farat ɗaya zuwa 150 ko ma 220 a minti, ko da mutum yana zaune cikin nishaɗi, kuma yakan tsaya farat ɗaya kamar an kashe fitila. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1997, an duba masu wannan ciwo su 107, aka tarar kashi 67 cikin 100 suna da alamun da za a iya ɗauka na firgici ne. Ke nan ido kaɗai ba ya rabe su. Abin da yake rabe su shi ne awon lantarkin zuciya da ake kira ECG, musamman idan an yi shi lokacin da abin ya taso. Haka kuma zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo mai sa rama, duk suna sa zuciya sauri, don haka likita yakan bincika su tukuna.

Shiri Kafin Tafiya

1. A ga likita a san nau'in da ake da shi. Idan asibitin kusa ba shi da na'urar awon, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da yake Katsina.

2. A riƙe magani a aljihu, kada a sa shi cikin kayan da za a ɗaure a bayan mota. Mai shan irin su propranolol ko atenolol kada ya daina kwatsam, domin zuciya takan rama da sauri mai tsanani. Mai ciwon asma kada ya sha propranolol. Maganin kwantar da hankali irin su diazepam yana sa barci, bai dace da mai tuƙa mota ko babur ba.

3. A rubuta sunan ciwon da na magani da lambar wani ɗan'uwa a takarda. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. Wannan ya isa darasi cewa kada a dogara ga waya kaɗai.

4. A yi barci isasshe, a karya kumallo, a ɗauki ruwa. A watannin bazara zafi yakan haura digiri 40, ƙishirwa kuwa tana rage yawan jini, zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin.

5. A rage goro da shayi mai ƙarfi da lemun ƙara kuzari, domin duk suna da sinadarin kafeyin. A guji taba da wasu magungunan mura masu buɗe hanci.

6. A tashi da hantsi, a tambayi labarin hanya a tasha, a tafi da wanda ya san larurar, a kuma nemi kujerar kusa da taga.

Idan Abin Ya Taso a Hanya

Da farko a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga bugun na sakan 15, a ninka sau 4. Sa'an nan a ja numfashi ta hanci ana ƙirga 1 zuwa 4, a sake shi a hankali ana ƙirga 1 zuwa 6. Addu'a da zikiri cikin natsuwa suna taimakawa wajen daidaita numfashin. Kada fasinjoji su yi masa taro, kada a sa masa leda a baki, kada kuma a murza masa wuya. In hali ya yi, direba ya ƙarasa gari na gaba maimakon tsayawa a tsakiyar daji. Amma idan mai larurar shi ne yake tuƙi, to, wajibi ne ya tsaya ya ba wani.

Ga wanda likita ya tabbatar masa da nau'i na biyu, akwai dabarar da take motsa wata doguwar jijiya mai rage saurin zuciya. Zai busa cikin sirinji marar allura da ƙarfi na sakan 15, sa'an nan a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa na wasu sakan 15. A gwajin da aka yi a asibitocin Ingila, wanda aka buga a 2015, wannan ta daidaita bugun kashi 43 cikin 100 na marasa lafiya, busawa a zaune kuwa kashi 17 kawai. Wajibi ne likita ya fara koya masa ita. Shafa ruwan sanyi a fuska shi ma yana taimakawa.

A garzaya asibiti mafi kusa idan mutum ya suma, ko ciwon ƙirji ya sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara, ko bugun ba ya tafiya daidai, ko kuma ya wuce minti 20 bai lafa ba.

Kammalawa

Faɗuwar gaba ba ragwanta ba ce, kuma tana da magani. Ƙaurace wa tafiya gaba ɗaya yana ƙara wa tsoron ƙarfi, ya raba ɗalibi da makaranta, ya raba magidanci da kasuwa. An fi samun sauƙi idan aka fara da gajerun tafiye-tafiye a lokacin da hanya take da aminci, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Aikin Aji

Malam ya sa ɗalibai su ƙirga bugun zuciyarsu a zaune, su sake ƙirgawa bayan gudun minti 1, sa'an nan bayan hutun minti 5. Su zana sakamakon a jadawali, su kuma bayyana dalilin da ya sa bugun yake sauka sannu a hankali, da yadda hakan ya bambanta da nau'i na biyu.