Rigar Shafin Intanet: Abin da Mai Zane Zai Auna Kafin Ya Zaɓa

Mai zanen da ke zaman kansa, wato wanda yake tsara tambarin kamfani da bangon littafi da katin gayyata ba tare da yana ƙarƙashin wata ma'aikata ba, ba shi da abin talla da ya wuce ayyukan da ya riga ya yi. A da, cikin jaka yake ɗauke da su yana zagaya ofisoshi da maɗaba'u. Yanzu kuwa a shafin intanet yake baje su, mai neman aiki ya duba daga nesa, ya yanke shawarar ko zai kira shi ko zai nemi wani. Saboda haka tsarin da aka ɗora wa shafin ba ado ne kawai ba, abincin mai zanen yana rataye da shi. Wannan darasi zai duba yadda ake zaɓen tsarin ta hanyar awo da gwaji, maimakon bin abin da ya burge ido a kallon farko.

Mece ce rigar shafi?

Lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin farko ga jama'a a 1991, daga cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, rubutu ne zalla. A 1994 wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Håkon Wium Lie ya kawo shawarar a raba abin da shafi ya ƙunsa da yadda za a ƙawata shi. Daga nan aka sami ƙa'idar da ake kira CSS, wadda ta zama karɓaɓɓiya a 1996. Wannan rabuwa ce ta sa ake iya sauya wa shafi kama baki ɗaya ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya daga cikinsa ba, kamar yadda mutum ke sauya tufafi alhali shi ne dai. Tarin umarnin da ke fayyace launi da zubin haruffa da inda kowane hoto zai zauna, shi ne ake nufi da rigar shafi a wannan darasi. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, ta shigo da tsarin sauya riguna a 2005, kuma ya zuwa 2024 fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta aka gina su. Dubban riguna ake da su, wasu kyauta, wasu na sayarwa.

Tarkon yana nan: kowace riga ana tallata ta ne da hotunan da ƙwararru suka zaɓa domin su dace da ita. Mai zane ya gani ya yaba, ya saya, sa'an nan ya zuba nasa ayyukan ya tarar ba haka ba.

Darasi daga masaƙar Faris

A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris. Masaƙa suna kukan cewa baƙin zaren da marina ke ba su ba ya da ƙarfi, musamman idan an saƙa shi kusa da shuɗi. Chevreul ya binciki rinin, ya tarar ba shi da aibi. Ashe laifin na ido ne: launi yakan sauya kama gwargwadon launin da ke maƙwabtaka da shi. Ya wallafa sakamakon bincikensa a 1839, kuma har yau ana koyar da shi a makarantun zane.

Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Ido da ƙwaƙwalwa ba sa auna launi shi kaɗai, kwatanta shi suke yi da abin da ke kewaye da shi, su kuma zuzuta bambancin. Ɗalibi na iya gwada wannan a aji. A yanko gutsure biyu daga takarda ɗaya mai ruwan toka, a ɗora ɗaya a kan baƙin kwali, ɗaya a kan fari. Na kan baƙi zai fi haske a ido, na kan fari ya fi duhu, alhali daga takarda guda aka yanko su. In aka ɗora gutsuren a kan jan kwali kuwa, sai a ga kamar ya ɗan karkata zuwa kore.

To, mai zanen da ya ɓata kwanaki yana daidaita launin tambari, sa'an nan ya ɗora shi a kan riga mai jan bango ko mai ruwan goro, ya ɓata aikinsa da hannunsa. Mai kallo ba zai ga launin da aka zana ba. Wannan ne ya sa rigar da ta dace da mai zane ita ce mai bango fari, ko ruwan toka, ko baƙi, wadda ke barin fili isasshe tsakanin hoto da hoto don kada su ma su gurɓata juna. Rigar da ke cike da nata ado tana iya dacewa da kantin sayar da kaya, amma ga mai zane kishiya ce, domin mai neman aiki zai kasa bambance abin da mai shafin ya zana da abin da ya zo da rigar.

Akwai kuma ma'auni ga rubutu. Ƙa'idojin sauƙaƙa karatun shafi da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1, shi ne ƙarshen ma'aunin. Riguna da yawa suna amfani da rubutu mai ruwan toka mai haske don a ce sun yi kyau, sai su faɗi wannan jarrabawa, kuma wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta irin wannan rubutu a waya cikin hasken rana ya san wahalarsa.

Lissafin nauyi

Nan ne masu zane suka fi yin tuntuɓe, don kowa yana son aikinsa ya fito tar. Hoton kwamfuta tarin ɗige-ɗige ne, kowane ɗigo kuma yana ɗauke da adadin ja da kore da shuɗi, kowanne bayit ɗaya. Hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye yana da ɗigo miliyan 12, wato bayit miliyan 36 kafin a matse shi. A ce an matse shi da tsarin JPEG ya koma megabayit 4. Tunda bayit ɗaya bit 8 ne, megabit 32 ke nan. Idan layin mai kallo yana kawo megabit 2 a sakan guda, hoton zai ɗauki sakan 16 kafin ya sauka. In shafin farko yana da irinsa 12, sakan 192 ake magana, wato minti 3 da sakan 12.

A kwatanta wannan da abin da Jakob Nielsen, masanin hulɗar mutum da kwamfuta, ya bayyana a littafinsa na 1993: abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum yana ɗaukarsa nan take, sakan ɗaya ba ya katse tunani, amma daga sakan 10 hankali ya fara tafiya wani wuri. Ga kuma kuɗin data da mai kallo yake biya daga aljihunsa.

In aka rage hoton zuwa ɗigo 1,200 da 900, ɗigon ya koma 1,080,000, an rage shi kusan sau 11. A ce nauyinsa ya zama kilobayit 200, zai sauka cikin ƙasa da sakan ɗaya a wancan layi, kuma a fuskar waya da wuya ido ya ga bambanci. Ina rigar ta shigo a nan? Ita ce ke yanke girman hoton da za a aika wa mai kallo. Riga ta gari tana aika ƙarami ga waya, babba ga kwamfuta, tana kuma jinkirta sauke hotunan ƙasan shafi har sai mai kallo ya gangaro gare su. WordPress ta mai da wannan jinkiri ƙa'ida a 2020. Riga mai hotuna masu shawagi da bidiyon da ke kunna kansa kuwa tana ƙara nata nauyi tun kafin a sa hoto ko ɗaya.

Haruffa masu ƙugiya

Wannan ya shafi mai zanen da ke hulɗa da masu karanta Hausa kai tsaye. Kowace riga tana zuwa da zubin haruffanta, kuma da yawa daga cikinsu an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ da ɗ da ƙ a ciki, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan manhaja ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro shi daga wani zubi dabam, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, ko kuma a ga ɗan akwati a gurbinsa. Mai zanen da ke tallar gwanintar tsara rubutu amma sunan sana'arsa ya fito a karkace, ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta ƙarfe da ɓawo da ɗaki, da manya da ƙananan baƙaƙe, a kanun shafi da cikin sakin layi, don sau da yawa zubinsu ba ɗaya ba ne. Zubin Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika na cibiyar SIL, duk suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne. Sai dai a tabbata rigar tana ba da damar sauya zubi.

Yadda ake gwaji

A 2010 Ethan Marcotte ya yaɗa dabarar tsara shafi yadda zai miƙe ko ya tsuke gwargwadon faɗin allon da aka buɗe shi a kai. Kusan kowace riga yanzu tana da'awar haka, amma da'awa ba ta isa ba. Wasu, don su jera hotuna daidai wa daida, sukan datse gefen kowane hoto su mai da shi murabba'i. Hoton kogi ko dutse zai jure wannan, bangon littafi kuwa sai a tarar an fille masa take.

Saboda haka mai zane ya ware ayyukansa kamar guda shida masu siffa daban-daban, dogo da mai faɗi da mai rubutu da yawa, ya zuba su a rigar kafin ya biya ko ya amince. Ya buɗe shafin a waya mai araha, ba a babbar kwamfutarsa ba, ya riƙe agogo ya ƙirga sakan nawa aikin farko ya ɗauka kafin ya bayyana. Sa'an nan ya miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin shafin ba, ya ce ya nemo hanyar tuntuɓarsa, shi kuma ya yi shiru ya ga inda yatsa zai nufa. Ya kuma duba ranar da masu rigar suka sabunta ta a ƙarshe, domin wadda aka yi watsi da ita shekaru tana iya daina aiki da sabuwar manhaja, ko ta zama kafar da ɓarayin intanet za su bi.

Malami na iya mai da wannan aikin aji ko da babu kwamfuta. A raba ɗalibai rukuni biyu: na farko su yi gwajin takarda mai ruwan toka a kan kwali huɗu masu launi daban-daban, su rubuta abin da kowa ya gani, na biyu su lissafa lokacin da hotuna 20 masu nauyin kilobayit 300 kowanne za su ɗauka a layi mai megabit 1, sa'an nan mai megabit 4.