Shekarar 1899 A Bakin Iyakar Illela

Wanda duk ya tsaya a Illela ya fuskanci arewa, tsakaninsa da Birnin Ƙonni mil kaɗan ne. Harshe ɗaya, kasuwanci ɗaya, auratayya kuwa ba ta yankewa. Duk da haka Illela tana cikin Jihar Sakkwato ta Nijeriya, Ƙonni tana cikin Jamhuriyar Nijar. Mai son ya san mafarin wannan rabuwa sai ya koma shekarar 1899, wadda ta kama ƙarshen Hijira 1316 da farkon 1317.

A zamanin nan Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, shi ke bisa gadon Sakkwato, Wazirinsa kuwa Muhammadu Buhari. Tsaron arewacin ƙasa yana hannun Marafa Muhammadu Maiturare, mai zama Gwadabawa, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi cikin 1915. Aliyu Babba ke sarautar Kano, Abubakar ke Katsina, Kwasau ke Zazzau, Ahmadu Kuran Daga ke Damagaram. Ba Bature ko ɗaya da ke mulki a waɗannan birane.

Amma kafin nan Turawa sun riga sun raba ƙasar a takarda. Ran 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da na Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Paris. Suka ɗauki Sakkwato ta zama cibiya, suka zana baka mai nisan mil 100 daga gare ta, suka ce abin da ke cikin bakan na Ingilishi ne, abin da ke bayansa na Faransai. Ƙonni ba ta kai mil 100 daga Sakkwato ba, saboda haka ta faɗa rabon Ingilishi, ita da ƙasar da Illela take. Ba wanda ya shawarci Sarkin Musulmi. Masu zanen kuma ba su tambayi inda rijiyoyi suke ba, wannan kuwa shi ne kuskuren da talakawa suka biya da jininsu.

Rundunar Voulet

Cikin watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransai ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi Tafkin Cadi. Shugabanninta hafsoshi biyu ne, Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Sauran sojoji ne baƙar fata, da ɗaruruwan 'yan alaro waɗanda aka kamo da ƙarfi. Gwamnatinsu ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba, sai ya zamana duk garin da suka sauka shi zai ciyad da su, ko yana so ko ba ya so. Garin da ya yi gardama a ƙone shi. Ja-gaban da ya ɓad da hanya a kashe shi.

An umurce su su bi ta bayan bakan nan, watau ta arewa. Da suka ga can babu ruwan da zai shayad da taro mai yawa haka, ga rani ya tsananta, sai suka karkato kudu suka ratsa cikin rabon Ingilishi. Ran 16 ga Afrilu suka auka wa Lugu, kusa da Dogon Dutsi, garin Sarauniya, shugabar Azna. Mutanenta suka tare su da kwari da baka, suka kashe musu sojoji, suka yi wa waɗansu rauni, sa'an nan suka janye cikin kurmi.

Farkon watan Mayu rundunar ta iso Birnin Ƙonni. Gari ne babba mai ganuwa, amma ganuwar ƙasa ba ta tsaya wa igwa. Aka fasa birnin, aka karkashe mutane ba adadi, aka cinna masa wuta. Masana tarihi suna lissafa wannan cikin kisan gilla mafi muni da Faransai suka yi a ƙasashen baƙar fata. Mai karatu ya tuna, a takardar Turawa da kansu Ƙonni ba ta cikin rabon Faransa a ran nan.

Labarin ta'asar ya kai Faransa ta wata hanya da ba a zata ba. Wani hafsa da Voulet ya kora, sunansa Laftana Peteau, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa ya faɗi abin da ya gani, wasiƙar kuwa ta bi hannu hannu har ta kai ga hukuma. Aka aiko Kanar Klobb ya karɓi shugabancin rundunar. Bai sha wahalar gane hanyarsu ba, gama ƙonannun garuruwa da rijiyoyi cike da gawa su suka yi masa ja-gaba. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, a ƙasar Tasawa. Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, sa'an nan Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

Mutuwar mutum biyun nan ba ta tsai da yaƙin ba. Sauran hafsoshi suka ci gaba, suka gwabza da mayaƙan Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin Zindar ƙarshen watan Yuli. Dama suna da ƙullin Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a can cikin 1898. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya fita, aka bi shi aka kashe shi cikin Satumba.

Kudu da sauran duniya

A kudu kuma wani canji yana tafe ba da ƙarar bindiga ba. Gwamnatin Ingila ta yanke shawara ta karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja, ta biya shi fam 865,000. Ikon kamfanin ya ƙare ran 31 ga Disamba, 1899, kashegari Lugga ya ta da tutar Ingila a Lakwaja. Sakkwato ba ta faɗa hannunsu ba sai ran 15 ga Maris, 1903. Cikin Oktoban 1899 aka soma yaƙi tsakanin Ingilishi da Buwa a Afirka ta Kudu, cikin Nuwamba kuma aka kashe Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan. Rabe yana riƙe da Barno, saura 'yan watanni ajalinsa ya cika a Kusuri.

Waɗanda aka haifa

A ƙasar Hausa ta zamanin nan ba a rubuta ranar haihuwa. Akan riƙe shekarun mutum da wani babban abu da ya auku, yaƙi ko yunwa ko rasuwar sarki. Don haka sunayen da aka tabbatar na haihuwar 1899 yawancinsu na waje ne.

Wanda ya fi shafar Arewa shi ne Bryan Sharwood-Smith, wanda aka haifa cikin Janairu, watan da Voulet ya kama hanya. Ya yi aikin mulki a Lardin Sakkwato da Kano, Hausawa suka sa masa suna Mai Wandon Ƙarfe. Ya shugabanci Jihar Arewa daga 1952 zuwa 1957, zamanin da 'yan ƙasa suka soma riƙe ma'aikatu da Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya. Ran 22 ga Yuli aka haifi Sobhuza na biyu a ƙasar da a yau ake kira Eswatini. Ubansa ya rasu yana ɗan wata huɗu da 'yan kwanaki, aka ba shi sarauta yana goye, ya riƙe ta har 1982, shekara 82 ke nan. Kwana ɗaya kafin shi aka haifi Ernest Hemingway, marubucin Amurka da ya sami kyautar Nobel cikin 1954.

Yadda iyaka ta sauko Illela

Abin da ya kori Voulet daga hanyar arewa shi ya dami waɗanda suka biyo bayansa: ba su da hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Zindar. Faransa ta yi ta neman a gyara zanen, Ingila ta yarda cikin yarjejeniyar 8 ga Afrilu, 1904, aka ƙara daidaita ta ran 29 ga Mayu, 1906. Aka soke bakan mil 100, aka ja iyaka kudu, Ƙonni ta koma hannun Faransai. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar suna kafa alamun iyaka daga Kwara har Cadi. Layin da suka bi shi ne ya ratsa tsakanin Illela da Ƙonni, shi kuma Nijar da Nijeriya suka gada da suka sami mulkin kai cikin 1960.