Darasin Manomi: Aro Ba Kyauta Ba Ne, Jingina Ba Saye Ba Ce

 Darasinmu na wannan karo a kan gona yake. Ko wace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka, sai ƙofar hakimai ta cika da masu gardamar gona. Wannan ya ce kakansa ne ya sari dajin, wancan ya ce ubansa ya shekara 30 yana nomanta. Sau da yawa ba wanda ya yi ƙarya cikinsu. Abin da ya ɓace shi ne kalmar da aka faɗa ranar da gonar ta canza hannu. To, ka san kalmomin nan guda 6, ka riƙe su.

Hanyoyi uku da ke ba ka mallaka

1. Gado. Ita ce gonar da ta sauko maka daga iyaye da kakanni, dattawan gari kuma sun shaida. Amma gandun da ba a raba ba na magada ne duka, maza da mata. Babban wa ba ya da ikon sayar da shi shi kaɗai.

2. Kyauta. Mai gona ya ba ka ita har abada, gaban shaidu, ba da niyyar karɓa ba. Ta zama taka, ƴaƴanka za su gaje ta.

3. Saye. Ka biya kuɗi, mai gona ya sallama. Kafin ka biya, ka bincika ko shi kaɗai ke da ita.

Hanyoyi uku da ke ba ka noma kawai

4. Aro. An ba ka ka noma ka ci, gona tana nan ta mai ita. A al'ada, mai aro yana kai damin hatsi bayan girbi. Damin nan ba kuɗin gona ba ne, shaida ce cewa ka san mai ita. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, sai da yardar mai gona.

5. Haya. Kamar aro take, sai dai an yanke abin da za a biya da yawan daminar da za a yi.

6. Jingina. Mai gona ya karɓi kuɗi ko hatsi, ya ba ka gona ka riƙe. Ranar da ya maido abin da ya karɓa, gona ta koma gida, ko bayan shekara nawa ne.

Ga misali. A shekarar fari wani magidanci ya jinginar da gonarsa ta cikin Dallol Boso a kan jika 50, ya tafi cin rani Abijan. Ya daɗe, har ya rasu can. Ƴaƴansa suka zo da jika 50, sai ƴaƴan wanda ya riƙe suka ce ai ubansu saye ya yi. Shaidu biyu da aka yi abin gabansu sun rasu. Wa zai raba wannan gardama? Da an rubuta kalma ɗaya, jingina, da zumunci bai lalace ba.

Daga ina ruɗanin ya fito?

A 1960, zamanin Shugaba Diori Hamani, an yi dokar da ta hana karɓar ushirar gona daga hannun masu noma. Ran 18 ga Disamba 1974 kuma, Shugaba Seyni Kunce, ɗan Fandu a ƙasar Tondikandiya, ya yi jawabi cewa wanda ke noman gona ya ci gaba da riƙe ta, ko ta wace hanya ya same ta. Masu aro da yawa suka daina kai dami. Masu gonaki kuwa suka shiga tsoron ba da aro. Har yau za ka ji ana kafa hujja da wannan jawabi a ƙofar hakimi.

Amma ka sani, abin da ake aiki da shi shi ne Kundin Dokokin Karkara, wanda ake kira Kod Rural, doka mai lamba 93-015 ta ran 2 ga Maris 1993. Ga abin da ta tanada, a taƙaice.

Na farko, mallakar da aka samu ta hanyar al'ada da wadda aka samu ta hanyar takardar gwamnati, doka tana kare su daidai. Gonar gadonka taka ce ko ba ka yi boko ba.

Na biyu, mai gona wajibi ne ya raya ta. In ta zauna shekara 3 a jere ba a aikinta, ba tare da dalili ba, ana iya ba wani ya noma. Amma noma kawai aka ba shi, mallaka ba ta fita hannun mai ita ba.

Na uku, akwai ƙasar da ba ta kowa ba ce shi kaɗai: burtali, makiyaya, da mashayar dabbobi. Doka mai lamba 2010-029 ta ran 20 ga Mayu 2010 a kan kiwo ta ƙara jaddada wannan. Wanda ya sayar maka da burtali ya sayar maka da rigima. Kurfai ƙasar noma ce, ƙasar kiwo ce. Shanun da ke hawa arewa da damina, su sauko da kaka, dole su sami hanya.

Ina ake yin takarda?

Kod Rural ya kafa hukumomin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. Hawa uku ne. Akwai Kofob ta ƙauye ko ta rugga, hakimi ne shugabanta. Akwai Kofokom a ofishin kwamin, kamar Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya. Akwai Kofodep ta dukan gunduma, ferefe ne shugabanta.

In za ka ba da aro, ko haya, ko jingina, ko kyauta, ko za ka saya, ka bi wannan tsari:

Ku je wurin hakimi ku biyu, da shaidu, da maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa.

A taka gona, a ga iyaka. In gambar iyaka ta mutu, a sake dasawa.

A rubuta irin cinikin da sunansa. In aro ne, a rubuta aro da yawan damina. In jingina ce, a rubuta abin da aka karɓa.

A karanta maka takardar da Hausa kafin ka dangwala yatsa. Kowa ya riƙe tasa, Kofo ta ajiye guda.

Gonar gado ma tana da takardarta, wato shaidar riƙon gargajiya. In kana son shaida mafi ƙarfi, sai ka nemi Kofo ta zo ta auna gona, ta yi bincike, ta yi shela. In ba wanda ya yi jayayya, sai a shigar da gonarka cikin babban littafin rajistar karkara.

In rigima ta riga ta tashi fa?

Kada ka ɗauki sanda, kada ka tuge shukar wani. Doka ta ce a fara da sulhu wurin sarakunan gargajiya: hakimi, sannan sarkin kanto. Aikinsu sasantawa ne, kuma a rubuta abin da aka ƙare a kai. In sulhu ya gagara, sai a tafi gaban alƙali da wannan takarda.

Wani zai ce, yaya zan nemi takarda wurin ɗan'uwana, sai ka ce ban yarda da shi ba? Ka tuna, ba don ku biyu ake rubutawa ba, don ƴaƴanku ne da ba su ji abin da kuka faɗa ba. Kuma kada tsoro ya hana ka ba da aro ga baƙo ko ga wanda rashin zaman lafiya ya raba da garinsu. Takarda tana kare mai bayarwa, tana kare mai karɓa daga kora tsakiyar damina.

Tambayoyi don masu sauraro

Gonakin da kuke nomawa bana, nawa ne na gado, nawa na aro, nawa na jingina? Nawa ne ke da takarda? Akwai Kofob a garinku, kun san magatakardanta? Ku tattauna a dandali, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura. Ku yi aikin nan tun da rani, shaidu suna raye, kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.