Darasi: Ina za a sauke waɗanda ruwa ya kora?

Birnin Yamai yana bakin kogin Isa. Kogin yakan cika sau biyu a shekara. Cikar lokacin ɗari tana tahowa sannu sannu daga ƙasar Gine. Ta damana kuwa takan zo da gaggawa, a watan Agusta da na Satumba, sa'ad da ƙoramu irin su Sirba suke zuba a kogi. Ita ce mai ɓarna.

A watan Satumba na shekarar 2020 ruwa ya fasa shingen da aka yi a bakin kogi. Ya shiga Lamorde da waɗansu unguwanni na Harobanda. Gidajen laka suka jiƙe, suka zube. Mutane suka fita da yara a goye da tabarmi a ka. Da yawa suka kwana a makarantu.

Makaranta wurin sauka ce mai kyau. Tana da rufi, tana da fili, kowa kuma ya san hanyarta. Amma ta ɗan lokaci ce, domin in hutu ya ƙare ƴan makaranta suna bukatar azuzuwansu. A shekarar 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta a Nijar har 28 ga Oktoba. Ruwa ya lalata waɗansu azuzuwa, waɗansu kuma mutane na ciki.

Shi ya sa ake son magajin gari da masu unguwa su zaɓi wuraren sauka tun da rani. Su duba taswirar gari, su kuma tambayi tsofaffi inda ruwa ya saba kwanciya. Ba a zaɓen fadama ko bakin ƙorama, ko da filin na da faɗi. Tudu ake nema.

Tudun kuma kada ya yi nisa. Tsohuwa da mai ciki da gurgu a ƙasa za su je, watakila da dare. In sai an ƙetare ruwa kafin a kai, wurin bai yi ba. Mutane ma ba su son nisa da kasuwa da garakensu. In an kai su nesa, sukan koma gidan da ya tsage.

Sai ruwan sha da salanga. Masu aikin agaji sukan ƙiyasta aƙalla lita 15 ta ruwa ga mutum guda a yini, da salanga 1 ga mutum 20. Inda babu su, zawo da kwalara ba su daɗewa.

Tambayoyi

1. Wace cika ce ta fi ɓarna a Yamai? Don mi?
2. Mutum 200 sun sauka a fili guda. Salanga nawa za a gina? Lita nawa za a kawo a yini?
3. Ku zana taswirar unguwarku, ku nuna inda ruwa yake kwanciya da inda tudu yake.